Ranar da Muka Ƙi Gode wa Ña Ceferina

Ranar da Ña Ceferina Ortigoza ta ce za ta sauka daga shugabancin ƙungiyarmu, ni kaɗai na san dalili, kuma ni ce na fi kowa ba ta wahala. Har yau idan na tuna sai kunya ta rufe ni, can kuma dariya ta biyo baya.

Mace ce gajera mai faɗin kafaɗa, wadda muryarta ke riga ƙafarta isa wuri. Ba laifinta ba ne. Tun tana 'yar shekara tara take tare motocin birnin Villarrica da kwandon burodin chipa a ka, kuma duk wanda zai sayar wa fasinjan da ke barci a kujerar baya ta taga, dole ya koyi ihu. Ubanta amalanken shanu yake kora, uwarta ce ke kwaɓa garin rogo da cuku ta gasa, ita kuma ta kai bakin titi. Aji uku ta yi a makaranta, ta ce ta ga abin da ke ciki, ya isa. Da ta girma ta auri Don Wenceslao kafinta, mutumin da kunnensa ɗaya ba ya ji, ɗayan kuma sai ya ga dama. Mutanen gari suka ce wannan haɗin Allah ne, ya san abin da yake yi. Ni kuwa Hermelinda, sana'ata cuku, ita ce babbar mai saye a wurina, kuma ita ta riƙe ɗana na fari a coci ranar baftisma. Tun daga nan comadre muke kiran juna, ko da muna cikin faɗa ne.

Ƙungiyar ba ita ta kafa ba. Wasu mutane ne suka zo daga Asunción, babban birnin ƙasa, da farar mota da allo, suka ce aikinsu taimakon masu ƙananan sana'o'i a ƙauyuka, amma ba sa taimakon mutum ɗaya, sai mun haɗu. Muka haɗu: masu cuku, masu zuma, masu ɗinki, masu mazarƙwaila, har da wani tsoho mai ɗaura tsintsiya. Suka koya mana cewa idan magana ta taso, a ɗaga hannu a ƙirga, masu rinjaye su ci. Maganar farko da ta taso ita ce inda za a gina tandar gasa chipa ta kowa da kowa. Aka ɗaga hannu, goma sha huɗu da goma sha uku. Abin da muka samu daga wannan ƙirge shi ne surukai biyu da suka shekara ba sa gaisawa, da tulin bulo da kaji suka mayar wurin kwana. Cikin shekara biyu muka yi shugabanni uku, kowanne ya tafi yana rantsuwa ko jikansa ba zai yi ba. Da aka rasa mai so, aka liƙa wa Ceferina.

Taronta na farko ta zo ba takarda ba biro, sai fulas ɗin ruwan ƙanƙara a hammata da ƙahon tereré a hannu.

"Ɗaga hannu na 'yan makaranta ne," in ji ta. "Mutumin da zai ari gatarin maƙwabcinsa gobe ba ya ɗaga masa hannu a fuska yau. Ku zauna mu sha."

Kowa a Paraguay ya san yadda ake shan tereré. Ƙaho ɗaya ne cike da ganye irin na shayi, bututu ɗaya, mai zuba ruwa ɗaya. A cika maka, ka zuƙe tas, ka mayar, a cika wa na kusa da kai. Kuma ba a godiya sai an ƙoshi. Kana cewa “na gode”, ka ce ya ishe ka ke nan, ƙaho zai riƙa tsallake ka. A kan wannan Ceferina ta gina mulkinta. Za ta faɗi magana sau ɗaya, ta fara zubawa. Wanda ya mayar da ƙaho ya ce na gode, ya amince. Wanda ya mayar shiru, da sauran magana a cikinsa, kuma idan ƙahon ya sake zagayowa hannunsa, shi kaɗai ke da baki. Ba a tashi sai kowa ya gode. Sai doka ta ƙarshe, wadda ita ce gishirin abin: duk wanda ruwa ya matsa ya tashi ya zagaya bayan ayaba, an ɗauka ya gode.

Don Anastasio mai zuma ya ce wannan ba shugabanci ba ne, mafitsara ce aka naɗa alƙali. Amma abin ya yi aiki, domin mai gaskiya yakan daure, mai neman rigima kawai kuwa zagaye shida ya ishe shi. A wata uku aka gina tanda. Daga baya muka sami tsohuwar a-kori-kura da ke kai kayanmu kasuwa ranar Laraba da Asabar, muka sami rumfa a Villarrica, zumar Anastasio ta bar kwalaben giya ta koma nata kwalaben masu suna. Ƙauyuka biyar suka shigo, har aka koma wakilai goma sha biyu ne ke zaman taro. Ita ce ke zuwa ofisoshi ta zauna a bakin ƙofa da kwandonta, ta ciyar da masinja da sakatare har sai sun ji nauyin barin ta a waje. Ita ce ta koya wa matan ƙauyen Potrero yadda za su faɗi farashi ba tare da sun sunkuyar da kai ba.

Akwai shekarar da wani Bajamushe ya zo daga ƙungiyar da ke tallafa wa masu tallafa mana, dogo, mai ladabi kamar ango. Aka sa shi a da'ira. Ceferina ta ce, "Shawarata ita ce baƙonmu ya rufa mana rumfar kasuwa da kwano," ta miƙa masa ƙaho. Bawan Allah ya zuƙa, ya yamutsa fuska, ya mayar da hannu biyu ya ce na gode. Wuri ya ɗauki tafi. Da aka fassara masa abin da ya aikata, ya yi dariya har da hawaye, kuma ya rufa rumfar. Na tambaye ta ko ba ta ji kunya ba. Ta ce ita ba ta sa masa magana a baki ba.

Shekara goma sha huɗu aka yi a haka.

A makon Ista na bara, muna kwaɓa chipa a gidanta, na ga hannunta na dama yana bugun bakin akushi shi kaɗai, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da ba ya so a buɗe. Ta ga na gani. Ta ɗora na hagu a kai ta danne, ta ce in miƙo mata gishiri. Bayan wata biyu ta ce in raka ta Villarrica sayen zare, sai ga mu a gaban likita. Ya ce ciwon karkarwa ne, akwai magani mai rage masa gudu, amma ba ya komawa baya. Idan ta sha ƙwayar da safe hannun yakan yi biyayya na awa uku ko huɗu, daga nan sai ya koma harkarsa.

A motar dawowa ta daɗe tana kallon gonakin rake, sannan ta ce, "Comadre, zan ajiye fulas ɗin nan da kaina kafin ya faɗi da kansa. Ba zan tsaya su ga ina jiƙa wa mutane cinya ba, su fara ce mini sannu. Na fi son su tuna da ni a matsayin jarababbiya."

"Wannan kam kin riga kin samu."

"Ki rantse ba za ki faɗa wa kowa ba."

Na rantse, kuma na cika, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Amma rantsuwar rufe baki na yi, ban yi ta amincewa ba.

Ta kira taro wata Asabar a watan Nuwamba, ƙarfe takwas na safe, a ƙarƙashin mangwaron bayan tanda. Lissafinta shi ne kafin tara an gama, ta koma gida da mutuncinta. Sai dai zancen saukarta ya riga ya fita, ban san ta ina ba, kuma wakilai sun zo da shirinsu. Don Anastasio ya kwana bai sha ko kurɓi ba, ya karya da busasshen nama mai gishiri. Ña Fidelina mai ɗinki, wadda aka ce ita za a ba wa kujerar, ta zo fuskarta kamar wadda za a cire wa haƙori.

Ceferina ta gyara zama ta ce, "Maganar yau gajera ce. Na tsufa, na gaji da ganin fuskokinku, kuma Wenceslao na bukatar mai yi masa ihu a gida. Na sauka, Fidelina ta karɓa." Ta cika ƙaho ta miƙa.

Ya zagaya mutum goma sha biyu ya dawo, ba wanda ya ce uffan. Ya sake zagayawa, shiru. A zagaye na uku ta ajiye fulas a cinya ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Au, haka ne?"

"Dokarki ce, Ña Ceferina," in ji Anastasio da ƙaho a hannu, yana shafa gashin baki. "Ke kika haƙa ramin, da kin sani da kin haƙa shi gajere."

"Za mu gani, tsohon banza. Ni na san mafitsarar kowa a nan kamar yadda na san tandata."

Ba ƙarya ta yi ba. Ta fara cika ƙaho har baki, tana zubawa da sauri. Wakilin masu mazarƙwaila ne ya fara faɗuwa, wajen tara da rabi. Ya miƙe yana cewa zai duba dokinsa ne kawai, aka bi shi da ihun ya gode, ya gode. Mata biyu na Potrero suka tashi tare, suna riƙe da hannun juna kamar masu zuwa jana'iza. Ƙanƙara ta ƙare aka aika kanti aka ƙaro. Ganye ya salance aka sake sabo, ya sake salancewa aka sake. Kuma da'irar na raguwa, ƙaho na saurin dawowa, wanda ya rage yana shan rabon waɗanda suka gudu.

Fidelina ta yi ƙoƙari, tsoron kujera ya ba ta ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ta harɗe ƙafafu, ta kama addu'a ƙasa-ƙasa, zufa na tsattsafo mata a hanci.

"Ña Ceferina, don girman Allah," in ji ta, "ni ko sunan ofisoshin nan ban sani ba."

"Ni ma da na fara ban sani ba. Ki je da kwando, su za su koya miki. Sha."

Ta sha, ta mayar, ta yi zaman minti ɗaya idonta a rufe, sannan ta zabura ta yi bayan ayaba takalmi ɗaya a ƙafa.

Ƙarfe goma sha ɗaya saura mu biyu, ni da Anastasio. Shi mutum ne da ƙudan zuma ke harbi bai ko ƙifta ido, ya zauna daram kamar kututture. Ceferina ta dube shi ta dube shi, sai ta juya ta ƙwala wa mijinta kira, yana can gefe yana gyaran wani benci.

"Wenceslao! Wanke mini bahon nan! Ka ɗaga bokitin sama, ka zuba a hankali!"

Don Wenceslao bai taɓa tambayar dalilin wani abu ba a rayuwar aurensa. Ya ɗaga bokiti har kafaɗa ya fara tsiyaya ruwa a bahon ƙarfe, siriri, ba ya yankewa. Anastasio ya daure na ɗan lokaci, gashin bakinsa na rawa.

"Wannan zalunci ne," in ji shi. "A rubuta cewa da makirci aka kayar da ni." Ya tashi yana tafiya a tattale kamar agwagwa.

Saura ni. Waɗanda suka sauke nauyinsu duk sun dawo sun tsaya a bayana, suna ta zuga ni. "Ki riƙe, Ña Hermelinda! Ke ce gatanmu!" Su a wurinsu wasa ne, wasan ƙauna, so suke ta ga ba su gaji da ita ba. Ba su san abin da na sani ba. Rana ta kai tsaka, awa huɗu sun cika, kuma ina ganin abin da ke faruwa. Ta kafa gwiwar hannunta a cinya. Ta koma riƙe fulas da hannu biyu. Ta jawo tawul ɗin kafaɗarta ta yafa a kan hannun dama kamar don zufa. Ruwan da take zubawa ya fara karkacewa kafin ya shiga ƙaho.

Ina gani, kuma na ci gaba da karɓa. Ba zan yi wa kaina ado ba: tsoro ne. A raina, muddin tana zaune a ƙarƙashin mangwaron nan tana zuba ruwa tana zagin mutane, to likitan nan ƙarya yake yi. Idan na ce na gode, na sa hannu ke nan a kan maganarsa. Ban shirya ba, kuma son kaina ya hana ni tuna cewa ba ni ce mai ciwon ba.

"Comadre," in ji ta, murya ƙasa, abin da ba ta saba ba. "Bai ishe ki ba?"

"Ƙishi nake ji."

"Wannan ba ƙishi ba ne, taurin kai ne."

"A wurinki na koya."

Aka kwashe da dariya a bayana. Ta sake cikawa, rabin ruwan ya zuba a ƙasa tsakanin ƙafafunta. Wani ya ce shugaba ta fara ba ƙasa rabonta, aka sake dariya. Na karɓa na zuƙe, na mayar mata shiru.

Ba ta karɓi ƙahon ba. Ta ajiye fulas a ƙasa a hankali, ta janye tawul, ta miƙa hannun dama a tsakiyar mutane, a cikin hasken rana. Yana ta kaɗawa, babban yatsa na murza ɗan'uwansa kamar mai jan carbi.

"To ku kalla da kyau," in ji ta. "Ba sanyi nake ji ba, kuma ba tsoronku nake ji ba. Likita ya ce ba ya warkewa. Na so in tafi da abina a rufe, comadre ta ce sai an buɗe. Ga shi nan."

Don Wenceslao na can yana ta cika bokiti yana tsiyayawa a baho, domin ba wanda ya ce masa ya daina. Fidelina ta toshe baki da hannu. Anastasio ya cire hula yana kallon cikinta kamar ya ajiye wani abu a can.

"Kada wanda ya ce mini sannu," in ji Ceferina. "Ba asara ce gaba ɗaya ba. Tankaɗe yanzu ba ya ba ni wahala, riƙe rariya kawai nake yi."

Ba wanda ya yi dariya. Ni kuwa ina zaune da ƙaho a hannu, da ƙasa za ta tsage da na shige. Shekara arba'in muna tare, abu ɗaya ta taɓa roƙona, kuma na rufe bakina na tona mata asiri da cikina.

"Na gode," na ce. Muryar ta fito kamar ta ɗan tsako.

"Ban ji ba."

"Na gode, comadre."

"Ni na ji, amma ina so Wenceslao ma ya ji."

Na buɗe maƙogwaro na faɗa da ƙarfi, har karnukan maƙwabta suka amsa.

"Madalla. An gama taro. Fidelina, ɗauki fulas. Ke kuma tashi ki ruga kafin ki lalata wa ƙungiya benci."

Na ruga. Na daɗe a bayan ayaba fiye da kowa, domin ruwa biyu na zubar, na ƙasa da na sama.

Da na fito mutane sun watse, ta kore su. Tana tsaye ita kaɗai da kwandonta. Na ɗauka, ba ta hana ba, ba ta kuma dube ni ba. Muka kama hanyar gida cikin jar ƙasa da zafin rana, ita a gaba ni a baya. Na shirya ban haƙuri kala uku a raina, duk na zubar, ba wanda ya yi daidai.

Da muka kai gangaren rafi, inda duwatsu ke da santsi, ta tsaya har na iso. Ta saƙala hannun daman a nawa ta riƙe gam. Nan take na ji rawar ta ratsa fatata ta hau har kafaɗa, ƙanana-ƙanana, ba hutu. Ban taɓa taɓa hannun ba tun da abin ya fara.

"Ya dame ki?" in ji ta, idonta a kan duwatsu.

"A'a."

"Ƙarya kike. To ki saba."